Daidaita Girman Hoto a Shafukan Intanet: Misali daga Gine-ginen Birnin Zariya

Manufar wannan takarda ita ce ta jawo hankalin malamai ga wata matsala da ake raina ta, wato yadda hoto ɗaya kan fito da siffa daban-daban gwargwadon burauzar da aka buɗe shi da ita. Ga mai talla, wannan ƙaramin aibi ne. Amma ga malamin da yake koyar da fasahar ginin Hausawa, hoton shi ne hujjarsa.

Mu ɗauki Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834-1846). Gwanintar ginin tana cikin bakan gizonsa ne, wato yadda tsayin kowane baka ya dace da faɗinsa. A ce an ɗauki hotonsa mai faɗin ɗigo 1200 da tsayin ɗigo 800, nisbar 3 ga 2 ke nan. Idan aka rage faɗin zuwa 300, tilas tsayin ya koma 200. To, in mai tsara shafi ya cusa shi cikin gurbi mai 300 a kowane gefe, tsayin ya ƙaru da rabi ke nan, sai bakan ya tsuke ya miƙe. Ɗalibin da bai taɓa shiga ta Ƙofar Doka ba zai ɗauka haka Babban Gwani ya gina shi.

Magani na farko shi ne a rubuta ainihin faɗi da tsayin hoton a cikin HTML, sa'an nan a umarci CSS da kada faɗin ya wuce na gurbinsa, tsayi kuwa ya bi faɗi da kansa. Tun daga ƙarshen 2019 Firefox da Chrome suka fara lissafa nisba daga waɗannan lambobi biyu, suna keɓe wa hoto wurinsa kafin ya iso. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne inda intanet ke tafiyar hawainiya, domin rubutu ba zai riƙa tsalle a idon mai karatu ba.

Sai dai akwai lokacin da gurbin ba ya sākuwa. A nan umarnin object-fit ya ba da zaɓi: ko hoto ya cika gurbin a yanke gefunansa, ko ya shiga gaba ɗayansa a bar fili. A ganina na biyun ne kaɗai ya dace da aikin ilimi, ko da shafin ya rage kyau, musamman ga takardun ajami waɗanda sharhin malamai kan kasance a gefe. Internet Explorer ba ta taɓa gane wannan umarni ba, amma Microsoft ta yi mata ritaya a 2022.

Abin da ya rage shi ne gwaji. Yawancin ɗalibanmu da waya suke karatu, wasunsu da Opera Mini, wadda kan matse hoto don tsimin data, har ƙananan wasulan ajami su dushe. Saboda haka kafin a saki shafi, a buɗe shi a irin wayar da ke aljihun ɗalibi.