Raddi ga masu cewa ladan malami a Lahira yake

Duk lokacin da malaman makaranta suka shiga yajin aiki, akwai maganar da ke yawo a majalisun hira na Asata da sauran zangunanmu na Inugu, Anaca da Fatakwal. Sai ka ji dattijo ya gyara zama ya ce, “Ai koyarwa aikin Allah ne, ladan malami a Lahira yake.” Masu faɗin haka iyayenmu ne da yayyenmu, kuma da kyakkyawar niyya suke faɗi, don girmama malami. Da dukkan ladabi nake cewa rabin gaskiya suka riƙe, kuma rabin da suka bari shi ne yake kashe makarantun ’ya’yanmu.

Ba wanda ke musun ladan mai koyarwa. Amma likita ma yana da lada, haka alƙali mai adalci da ɗan kasuwa mai gaskiya, kuma ba a taɓa cewa su jira Lahira kafin su ci abinci ba. Tarihin Musulunci kansa bai goyi bayan wannan magana ba. Bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da kuɗin fansa amma ya iya rubutu, an karɓi koyar da yara goma na Madina a madadin fansarsa. Tun ran nan aka san koyarwa aiki ne mai ƙima da ake iya aunawa da dukiya. Kakanninmu ma sun gane haka, shi ya sa suka ɗora wa kansu kuɗin Laraba da sadakar sauka.

Mu duba abin da haƙuri ya jawo wa malami. A 2019 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000. Amma a 2022 sai da malaman firamare na jihar Inugu suka rufe ajujuwa, suna neman a biya su wannan kuɗi da doka ta riga ta ba su. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000, a shekarar da buhun shinkafa ya haura wannan kuɗi. Duk da haka malaman firamare na Abuja, babban birnin ƙasa, sun shafe fiye da wata uku a gida a 2025 suna jiran a aiwatar. Shugaba Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai ranar 5 ga Oktoba 2020. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ya zama doka a 2022, amma albashin na musamman mafi yawan malamai a labari kawai suka ji shi.

Me ya sa kullum malamin firamare ne na ƙarshe a layi? Albashinsa daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, ya bi ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Idan an yi ƙarin albashi, jiha ta ce na ƙaramar hukuma ne, ƙaramar hukuma ta ce kuɗinta suna hannun jiha. Wannan ba ƙaddara ba ce, tsari ne da mutane suka shimfiɗa, kuma mutane za su iya gyara shi.

Wasu za su ce gwamnati ba ta da kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, da sharaɗin kowace jiha ta kawo kwatankwacin abin da za ta karɓa. Shekara da shekaru biliyoyin naira na zaune a can saboda jihohi da dama sun ƙi kawo nasu. A nan Inugu, Gwamna Peter Mbah ya ba ilimi kashi 33 cikin ɗari na kasafin 2024, ya ɗauki aniyar gina makarantun zamani 260, ɗaya a kowace mazaɓa, ya kuma sa mafi ƙarancin albashi a naira 80,000. Kano ma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Wannan abin yabo ne, kuma ya nuna in an so ana samun kuɗi. Sai dai gini shi ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto, albashi kuwa ba mai zuwa bikinsa. Dole mu riƙa tambaya: nawa ne ya isa aljihun wanda zai tsaya gaban allo?

Akwai kuma masu cewa malaman ne ba su cancanta ba, su kawo misalin Kaduna, inda a 2017 fiye da malamai 21,000 suka faɗi jarrabawar gwaji. To, wa zai nemi aikin da ba ya ciyar da iyali? Mai ƙoƙari ya tafi banki ko kasuwa. Wanda ya rage, ana tashi ya kama tuƙin Keke Napep a titin Ogui, ko ya nufi kasuwar Ogbete da ’yan kayan sayarwa, littattafan yara na jiran maki a jaka har washegari. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada kuma mu nuna gwamnati da yatsa mu manta da kanmu. Malamin Islamiyyar unguwa yana buɗe rajista ƙarshen wata, rabin sunaye ba su biya ba, kunya ta hana shi magana. Uban da ya kasa biyansa shi ne zai fara tuna masa ladan Lahira. Wannan haƙƙi ne a wuyanmu, kuma za a tambaye mu.

Wanda ke ganin mu baƙi ne, ba mu da ta cewa a siyasar Inugu, ya tuna cewa a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi jama’a suka zaɓa magajin garin Inugu na farko. Muna biyan haraji, muna da ƙuri’a, ’ya’yanmu na zaune a ajujuwan nan tare da ’ya’yan maƙwabtanmu Ibo.

Don haka ina kira ga sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin kasuwa: mu halarci taron iyaye da malamai, mu tsaya tare da ƙungiyar malamai ta NUT idan ta nemi haƙƙinta, mu tambayi duk ɗan takarar da ya zo zango abin da zai yi wa albashin malami. Ladan Lahira na Allah ne, Shi zai bayar. Albashi kuwa mu da gwamnatocinmu aka ɗora wa, mu biya shi cikakke kuma a kan kari.