Ƙwayar rage ƙiba mai tare maiƙo: abin da ya kamata ku sani kafin ku saya

A garuruwan Tasawa da Mayahi mutane da yawa suna ɗaukar ƙiba alamar wadata. Amma ƙiba idan ta wuce kima tana jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa. Shi ya sa wasu suke neman ƙwayar da za ta rage musu nauyi.

Mene ne wannan magani?

Sunansa orlistat. Ƙasashen Turai sun amince da shi a 1998. A 2007 Amurka ta yarda a sayar da ƙaramar ƙwayarsa mai miligiram 60, mai suna Alli, ba tare da takardar likita ba.

Yaya yake aiki?

Idan mutum ya ci abinci mai maiƙo, akwai sinadari a hanji da ke narkar da maiƙon domin jiki ya sha. Ƙwayar tana hana wannan sinadari aiki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maiƙon yana fita da bayan gida, sauran kashi uku kuwa jiki yana shanye su.

Ku lura: maiƙo kaɗai take tarewa, kamar man gyaɗa da man shanu da kitsen nama da man ƙosai da fanke. Ba ruwanta da tuwon hatsi da shinkafa da fura mai sukari da shayi. Wanda waɗannan ne suka sa shi ƙiba, kuɗinsa kawai zai ɓata. Ko ga wanda ta dace da shi, taimakonta kaɗan ne: idan rage abinci ya sauke kilo 2, ƙwayar tana ƙara kamar kilo 1.

Matsalolinta

Wanda ya sha ta kuma ya ci abinci mai maiƙo da yawa zai ga zawo mai mai da kumburin ciki. Wani lokaci man yakan zubo ya ɓata tufafi ba da saninsa ba. Don haka maiƙon kowane ci kada ya wuce kimanin babban cokali ɗaya.

Tana kuma rage wa jiki bitamin A da D da E da K, domin tare da maiƙo suke shiga jiki. Bitamin A shi ne mai kare ido daga dundumi. Mai shan ta yana bukatar ƙwayar bitamin lokacin kwanciya barci.

Wa bai kamata ya sha ba?

Mace mai ciki, da mai shayarwa, da wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda ba shi da ƙiba sosai. Misali, mai tsawon mita 1 da santimita 60 sai nauyinsa ya kai kilo 72. Mai shan maganin farfaɗiya ko na sida ko na tsinka jini ya tambayi likita tukuna. Zawo mai tsanani yana iya hana ƙwayar tazarar haihuwa aiki. Wanda idonsa ya yi ɗorawa ko fitsarinsa ya yi duhu, ya daina sha, ya je asibiti nan take.

Hattara da jabu

A 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta gano jabun Alli mai ɗauke da sibutramine, sinadarin da ke cutar da zuciya. Kada ku sayi maganin rage ƙiba a hannun masu talla a kasuwa ko a tasha.

Shawara

Ku fara zuwa asibitin Tasawa ko na Mayahi, ko gidan likita mafi kusa, a auna nauyinku da tsawonku da jininku. Ku rage mai a miya da sukari a fura da shayi. Ku yawaita wake da zogale da kuɓewa. Ku yi tafiyar ƙafa ta minti 30 kullum. Nauyin da ya taru a shekaru, a hankali yake sauka.