Brokolini: Ganyen da Aka Ɗaura wa Aure a Japan

Yau hirar ta kicin ce.

Kwanaki na sayo wani ganye mai kama da brokoli, sai dai shi siriri ne, mai dogon kara. Ƙawata na gani ta ce in zubar, wai na GMO ne. To, ba haka ba ne fa. Sunansa brokolini. Kamfanin iri na Sakata da ke Japan ne ya samar da shi a 1993, ta hanyar barbarar brokoli da wani ganyen 'yan Sin mai suna gailan. Barbarar fure ce kawai, ba a taɓa ƙwayar halittarsa ba. A Ingila Tenderstem ake ce masa.

Karon farko na dafa shi kamar zogale, wallahi ya yi lugub, ga tsada, kuɗina suka tafi a banza. Minti biyu ya ishe shi a tafasasshen ruwan gishiri. Ku tsame, ku watsa masa ruwan sanyi, sannan ku soya sama-sama da ɗan mai da tafarnuwa, ku matsa lemun tsami.

Kar ku yar da karan, shi ya fi zaƙi. Har ƙananan furanninsa masu ruwan ɗorawa ana ci.