Yadda Karanta DNA Ya Sauya Allurar Ciwon Suga

Mai ciwon suga a unguwar Shagari Low Cost da ke sayen insulin a kemis, ko wanda likita ya rubuta masa shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, yana cin moriyar wani bincike ne da aka faro a Ingila.

Insulin homon ne, wato sinadarin da jiki ke sarrafawa domin daidaita suga a jini. Umarnin haɗa shi yana rubuce a cikin DNA da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. A 1977 Frederick Sanger na Kambirij da ke Ingila ya fito da hanyar karanta jerin haruffan nan. Shi ne kuma tun a shekarun 1950 ya gano jerin amino asid 51 da suka haɗu suka zama insulin.

A wancan lokaci, daga jikin aladu da shanu ake tatso maganin.

A 1978 kamfanin Genentech na Amurka ya dasa umarnin insulin na ɗan Adam cikin bakteriyar E. coli, ta shiga samar da shi. A 1980 masana suka karanta ƙwayar gadon insulin, wato ɓangaren DNA da ke ɗauke da umarnin, baki ɗayanta, wadda ke kan kromosom na 11. A 1982 Amurka ta amince da Humulin na kamfanin Eli Lilly, insulin ɗin da bakteriya ke samarwa, sannan a 1985 homon ɗin girma, da ake yi wa yaran da tsayinsu ya tsaya, ya biyo ta wannan hanya.