Ko Kun Sani? Cittar Kudancin Kaduna Tana Rage Raɗaɗi

Yawancin cittar Najeriya daga kudancin Kaduna take fitowa, daga Kachiya, Kwoi, Kagarko da kewayen Kafanchan, inda ake tsaga ta a shanya a rana. Sinadarin da ke ba ta yaji, gingerol, yana rage sinadaran kumburi a jiki, kusan yadda ibuprofen ke yi, sai dai bai kai shi ƙarfi ba. A gwaje-gwajen likitoci, garin citta a kwanakin farko na al'ada ya sassauta wa mata ciwon mara. Ga daɗaɗɗen ciwon gwiwa kuwa, sauƙin bai taka kara ya karya ba, kuma sai an yi makonni. Citta takan tayar da ƙwannafi. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, ya tuntuɓi likita kafin ya yawaita shanta.