Maharbi da dabbarsa, matsafi da aljaninsa

A watan Nuwamba na shekarar 2004, wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna Blizzard, wanda mazauninsa yake a jihar Kaliforniya, ya fito da wani wasa na kwamfuta da ake kira World of Warcraft. Ta hanyar intanet, dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam suna shiga duniya guda a lokaci guda, duniya irin ta tatsuniya, mai dodanni da aljanu da birane masu ganuwa. Kowa yana biyan kuɗin wata, wajen dalar Amurka 15 a lokacin nan. A shekarar 2010 masu biyan kuɗin sun kai miliyan 12.

Duk wanda ya shiga, kafin ya taka ko'ina, sai ya zaɓi sana'ar gwarzon da zai riƙa tafiyarwa. Da farko sana'o'i tara ne, a cikinsu akwai mayaƙi, da barde, da maharbi, da mai warkarwa, da mai sihiri, da matsafi. Gwarzon da aka zaɓa wa sana'a, ita ce tasa har abada, tamkar ɗan maƙeri da ya gaji maƙera. Yana fara tafiya daga mataki na 1, yana yaƙi yana cika aike, darajarsa tana hawa, har mataki na 60 wanda shi ne ƙarshe a shekarun farko. To, a cikin sana'o'in nan tara, biyu ne aka ba abokin tafiya na dindindin mai yaƙi tare da su: maharbi da matsafi.

Akwai dalili. Mayaƙi yana sanye da sulke, saboda haka yana iya tsayawa gaba da gaba da dodo ya sha duka bai faɗi ba. Maharbi kuwa ƙarfinsa a nesa yake. A tsarin farko, idan abokin gāba ya matso ƙasa da yadi 8, baka da bindiga sun zama kayan banza. Dole ne a sami wanda zai tsare dodon a can, yana yi masa gurnani yana jan hankalinsa, maharbi yana zuba kibau daga baya. Matsafi shi ma rigar yadi gare shi, bugu kaɗan ya ishe shi. Kowannensu rabin mayaƙi ne, abokin tafiya shi ne sauran rabin.

Amma hanyar da kowannensu yake samun abokin, da irin zaman da suke yi, sun sha bamban ƙwarai.

A tsarin farko, maharbi idan ya kai mataki na 10, ana koya masa horar da dabbar daji. A bugun Faransanci na wasan ana ce wa dabbar familier. Shi zai fita daji ya nemi wadda ta kwanta masa a rai: zaki, damisa, kura, kyarkeci, kada, kunama, mujiya, har gizo-gizo. Sai ya tsaya a gabanta sakan 20 bai ɗaga hannu ba, tana cizonsa tana yagarsa. In ya jure, ta zama tasa, ya raɗa mata suna. A nan ne wahalar take farawa. Sabuwar dabba ba ta yarda da ubangidanta ba, kuma yunwa take ji. Kowace iri da abincinta: kyarkeci nama kaɗai yake ci, zaki da damisa nama da kifi, aladen daji kuwa duk abin da aka miƙa masa sai ya haɗiye, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi suke sonsa. Dabbar da ta ƙoshi tana cizo da ƙarin kashi 25 cikin 100 na ƙarfinta. Wadda aka bari da yunwa ƙarfinta yana raguwa da kashi 25 cikin 100, kuma idan sakacin ya yi tsawo, wata rana maharbi zai waiwaya ya tarar ta gudu, ba ta dawowa. Biyayyarta hawa shida ce, daga mai tawaye har zuwa aminiya, kuma ba a sayen hawa ko ɗaya da zinariya. Sai an yi kwanaki ana yawo tare ana ciyarwa.

Ko koya mata sabon cizo aiki ne. Maharbi zai kai dabbarsa barga ya danƙa wa shamakin gari, ya tafi daji hannu rabbana, ya horar da wata dabba wadda ta iya cizon da yake nema, ya yi yaƙi da ita har shi kansa ya gane dabarar, sa'an nan ya sallame ta ya komo ya koya wa tasa. Barga kuwa gurbi biyu kawai take ba shi, su ma da kuɗi. Jakarsa rabi kibau, rabi nama. Wanda bai san wasan ba zai ce wannan ai kiwo ne, ina wasa a nan? Amma daga kiwon nan ne shaƙuwa ta fito. Akwai wani baƙin zaki mai suna Humar da yake fitowa jefi-jefi a ƙarƙashin wata bishiya a filin da ake kira Barrens, da wani mai suna Broken Tooth wanda ya fi sauran dabbobi saurin kai cizo. Maharba sukan kwana a gaban kwamfuta suna gadin wurin, wani lokaci kwana da kwanaki, kuma babu abin da ya fi ɓata musu rai kamar wani mai wucewa ya kashe dabbar ana tsakiyar horar da ita.

Shi matsafi, wanda Faransawa suke kira démoniste, ba ya ciyar da kowa. Aljanunsa kiransu yake yi daga wata duniya ya ɗaure su da tsafi. Na farko ɗan ƙarami ne mai jifa da wuta, mai yawan ƙorafi. A tsarin farko, a mataki na 10 yana samun wani shuɗi mai kama da hayaƙi, wanda yake tare masa duka. A na 20 aljana mai bulala, a na 30 wani mai kama da kare wanda yake cinye sihirin abokan gāba. In ban da ƙaramin, duk wanda zai kira sai ya biya da gutsuren rai da ya zuƙe daga abin da ya kashe. Ba shi yake raɗa musu suna ba, da sunansu suke zuwa, ko ya so shi ko bai so ba. Idan wuya ta yi wuya yana iya sadaukar da shuɗin don ya kare kansa, ya sake kiransa daga baya, babu ta'aziyya. Manyan aljanun kuwa a lokacin nan ba su da amana: wanda ake kira a mataki na 60, sai mutum biyar sun kewaye wurin tsafin, kuma ɗaya daga cikinsu zai faɗi matacce, ba a san ko wane ne ba sai an gama. Bayan haka ma ɗaurin yana iya kwancewa, aljanin ya juyo kan ubangidansa. Maharbi da amana yake riƙe abokinsa, matsafi da igiya, kuma masu wasa da yawa halin nan suke dubawa kafin su zaɓi sana'a, tun ba su san wadda ta fi ƙarfi ba.

Sauran sana'o'i an ɗan taɓa musu. A tsarin farko, barde da matsafi suna samun dokinsu na musamman a mataki na 40 kusan kyauta, alhali kowa sai ya tara zinariya mai yawa. Daga baya mai sihirin ƙanƙara ya sami dodon ruwa, kuma sana'ar da aka ƙaro a 2008, ta jarumin mutuwa, tana tayar da gawa ta bi ta.

Abokin tafiya yana da nasa laifi. Ba shi da wayon mutum. Idan ƙungiya ta shiga kogon dodanni, maharbi ya yi tsalle daga tudu don ya yanke hanya, dabbarsa ba ta tsalle: sai ta bi doguwar hanya, ta ratsa ta gaban kowane dodo, ta iso da su duka a bayanta. Ƙungiyoyi da yawa sun hallaka ta haka, har sunan maharba ya ɓaci, kome ya lalace a ce su ne.

Babbar ɓarnar kuwa ta faru a watan Satumba na 2005. Ranar 13 ga wata kamfanin ya buɗe wani sabon wurin yaƙi mai suna Zul'Gurub, na mutum 20. Dodon ƙarshe, Hakkar, yana jefa wa mayaƙa wata cuta ta jini wadda take cin lafiyar wanda ta kama, kuma tana tsallakawa zuwa ga na kusa da shi. An shirya ta ne ta ƙare a cikin kogon. Abin da masu tsara wasan suka manta shi ne dabbobi da aljanu su ma suna kamuwa. Idan maharbi ko matsafi ya sallami abokinsa yana ɗauke da cutar, tana nan a jikinsa a daskare. Sai ya koma birni, tsakiyar kasuwa, ya kira shi. Nan da nan cutar ta bazu. Manyan mayaƙa suna iya jurewa, amma ƙananan masu wasa cikin ƴan sakan suke faɗuwa. Masu kantuna da dogaran birni, waɗanda kwamfuta ce take tafiyar da su, suna kamuwa ba sa mutuwa, suna ta harbin duk wanda ya zo ciniki. Biranen Ironforge da Orgrimmar suka cika da ƙasusuwa. Gaskiya ne mutuwa a wasan ba ta dindindin ba ce, gwarzo yana tashi, amma wanda ya tashi a cikin birnin sai ya sake kamuwa.

Halin mutane ya fito fili. Masu warkarwa suka ruga taimako, wasunsu suka kwashi cutar suka kai gaba. Wasu suka tsere ƙauye. Wasu suka zo kallo. Wasu kuma da gangan suke komawa kogon su ɗebo ta su kawo cikin jama'a. Kamfanin ya roƙi waɗanda suka kamu su keɓe kansu, ba a ji ba. Sai a watan Oktoba aka shawo kan al'amarin, bayan an gyara wasan yadda abokan tafiya ba za su ƙara kamuwa ba. A shekarar 2007 masana annoba biyu na Amurka, Eric Lofgren da Nina Fefferman, suka buga nazari a kan abin a mujallar likitoci ta Lancet mai kula da cututtuka masu yaɗuwa. Abin da ya ja hankalinsu shi ne lissafin annoba yana iya auna saurin cuta, amma da wuya ya auna mai zuwa kallo da mai ƙin jin magana, ga shi kuwa a nan an gan su da ido. Hanyar cutar ma irin wadda likitoci suka sani ce: daga dabba zuwa ga mai ita, daga daji zuwa kasuwa.

Shekarun da suka biyo baya, kamfanin ya bi hanyar sauƙaƙawa, domin sababbin masu wasa ba su da haƙurin na da. A 2008 aka soke hawan biyayya. A 2010 aka daina ɗaukar kibau a jaka, maharbi kuma yana fara wasa da dabbarsa tun mataki na 1, matsafi ya huta da tara gutsuren rai. A 2011 aka soke yunwa: dabba ba ta ƙara gudu. Barga mai gurbi biyu ta yi ta faɗi har ta kai 200 a 2020. Ta fuskar jin daɗi babu mai musun an ci gaba. Sai dai wanda yake da dabba 200 da ba ya ciyarwa, ma'aji ne, da wuya ya tuna sunan ta arba'in. Da kamfanin ya sake fito da tsohon tsarin wasan a watan Agusta na 2019, da sunan Classic, jama'a suka yi dafifi har ana jiran layi na sa'o'i kafin a shiga, maharba suka koma sayen nama da kama kifi da hannunsu.

Maganar ba ta mutu ba. Tun 2014 an ba maharbi damar ya yi yaƙi ba dabba in ya ga dama. Ana shirin gyaran farkon shekarar 2025, sai kamfanin ya ba da sanarwa cewa reshen maharba masu gwanintar harbi daga nesa za a raba su da dabba gaba ɗaya, a ba su wata gaggafa mai shawagi a sama tana nuna musu abin hari. Gaggafar ba a horar da ita, ba ta kwana a barga. Ta fuskar lissafin yaƙi shawarar tana da hujja, gama yawancin gwanayen reshen sun riga sun ajiye dabbobinsu don ƙarin ƙarfin harbi. Duk da haka ƙorafi ya yi yawa, musamman daga waɗanda suke tafe da dabba guda shekara 15 ko 20. Kafin gyaran ya fito a watan Fabrairu na 2025, kamfanin ya ja da baya, ya ƙara wani zaɓi wanda yake bai wa maharbin da ya so damar ci gaba da kiran dabbarsa.