Zangon 'Yan Sikawut a Ƙasar Sakaba: Igiya, Wuta da Kwanan Daji

Idan yaro ya komo daga makarantar boko a farkon zango, ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce yana neman izinin shiga sikawut, abu biyu ne ke fara zuwa zuciyar uban: me za a koya masa, ina kuma za a kai shi. A da ta farkon ita ce abin tambaya. Yanzu kuwa a ƙasar Sakaba, cikin masarautar Zuru, ta biyun ta fi nauyi ƙwarai, domin asalin wannan aiki fita daji ne, daji kuwa ba shi ne na jiya ba. Amma ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi, saboda haka ya kamata a fara da bayanin yadda zango guda yake tafiya a wurin waɗannan yara.

Wanda ya kafa abin wani hafsan sojan Ingila ne mai suna Baden-Powell. Fatake za su so su ji cewa ya taɓa taka ƙasar goro, gama yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi ta Asante a 1896. Daga baya aka kewaye shi a garin Mafeking na Afirka ta Kudu har kwana 217, inda ya ga yara ƙanana suna kai saƙo cikin gari ba tare da sun ruɗe ba. A watan Agusta na 1907 ya ɗauki yara wajen 20 ya kai su tsibirin Brownsea, ya raba su kashi huɗu, ya sa wa kowane kashi shugaba daga cikinsu, suka yi kwanaki a can. Shekara na kewayowa ya buga littafinsa, abin ya bazu. Ya iso Nijeriya a 1915. A 1916 aka buɗe sashen ƙanana, waɗanda Turawa ke kira 'ya'yan kyarkeci, watau 'yan shekara 8 zuwa 11. Mutanen Arewa ma ba a bar su a baya ba: Malam Aminu Kano, sa'ad da yake karatu a Ingila, ya halarci babban taron sikawut na duniya da aka yi a Faransa a 1947, kuma a 1977 aka yi na Afirka a duwatsun Shere kusa da Jos.

Zangon farko na makaranta yakan kama daga Satumba zuwa Disamba, watau daga ƙarshen damina, ya ratsa kaka, ya faɗa hunturu. Akan taru sau ɗaya a mako da yamma. Runduna takan kasu ƙungiya-ƙungiya, kowace da yara shida zuwa takwas, da shugaba da mataimakinsa, duka yara ne. Wanda ya san tsarin ayari ba zai ga baƙon abu ba a nan. Fataken da suka riƙa bi ta Yawuri zuwa Gwanja suna da madugu, suna da jagaba, suna da uban dawaki, kowa ya san nasa aiki, ba a jiran mutum guda ya yi kome. Haka malamin sikawut na ƙwarai yake yi, ya ba shugaban ƙungiya umarni, ya koma gefe ya zuba ido. In ya zama shi ne mai ɗaura igiya, shi ne mai hura wuta, to, ya mayar da abin aji, fa'idar ta tafi.

Makonnin farko na sababbin shiga ne. Ana koya musu dokoki goma, waɗanda jigonsu gaskiya ne da riƙon amana da ladabi da tausayin dabba da tattali da tsabta, sa'an nan su yi alkawari a gaban 'yan'uwansu, a ɗaura musu ƙyallen wuya. Yatsa uku da suke ɗagawa in za su yi gaisuwa ishara ce ga sassa uku na alkawarin: haƙƙin Allah da na ƙasa, taimakon mutane, da kiyaye dokar. Akwai wata al'ada tasu da dattijo zai gani ya yamutsa fuska, ita ce musafaha da hannun hagu. Ana cewa daga Asante aka ɗauko ta, wai jarumi da hagu yake riƙe garkuwa, in ya ajiye ta ya miƙa maka wannan hannu ya amince da kai ke nan. Ko ma daga ina ta fito, alama ce tsakaninsu kawai, kuma wajibi ne malaminsu ya gaya musu tun ranar farko cewa ba a miƙa wa babba hagu, ba a kai ta gida, ba a kai ta kasuwa.

Ran 1 ga Oktoba akwai fareti na murnar samun 'yancin kai, nan ne jama'a suka fi ganinsu, da kaki da usur da tuta. Abin baƙin ciki, runduna da yawa a nan suke tsayawa, su yi wata guda suna buga ƙafa a fili, in an watse sai a ninke tufafin sai baɗi. Alhali kuwa fareti shi ne mafi ƙarancin abin da ke cikin aikin. Ƙasar Zuru ta shahara da aikin soja, har Sarkinta marigayi Muhammadu Sani Sami, wanda ya rasu a 2025, janar ne, don haka ba mamaki wani ya zaci wannan ƙofar bariki ce. Ba haka ba ne. Ɗan sikawut ba ya ɗaukar makami, sandarsa ta awo ce da dogarawa da ɗaukar marar lafiya.

Bayan fareti sai ainihin karatu, farkonsa kuwa igiya. Ɗan ƙauye ya iya zarge tun yana kiwon awaki, amma zarge shaƙewa yake yi in an ja. Saboda haka ake koya masa wani ƙulli mai da'ira wadda ba ta matsewa kome nauyin da ta ɗauka, shi ne wanda ake zura wa mutumin da ya faɗa rijiya ya sa a ƙarƙashin hamatarsa. Akwai na haɗa igiya mai kauri da siririya, akwai na ɗaure igiya a jikin turke, akwai kuma wani shimfiɗaɗɗe wanda ba ya danne rauni, da shi ake ɗaure bandeji. Ba a cewa yaro ya iya sai ya ɗaura idonsa a rufe, domin ranar bukata ba lalle ne akwai fitila ba.

Sa'an nan taimakon gaggawa, wanda shi ne ya fi cancanta a daɗe a kansa, musamman a wannan zango, gama lokacin girbi ne, lokacin da manomi ke cusa hannu cikin kara da dami, kububuwa da kasa kuwa nan suke fakewa. Abin da ake koya musu ya saɓa wa abin da aka gada. Ba a tsaga wurin saran, ba a tsotsa, ba a yi masa ɗaurin kawo-wuƙa da tsumma. A kwantar da mutum, a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko munduwa tun kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar itace yadda ba za ta motsa ba, a ɗauke shi zuwa asibiti, kada a bar shi ya taka. Gadon ɗaukarsa sanda biyu ne da riguna biyu da aka zura su ta hannuwa. Ƙuna kuwa ruwan sanyi ake zuba mata kamar minti 20, ba manja, ba toka, ba ƙwai. Mai gudawa a haɗa masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa. Ƙyallen wuyan nan da ake ɗauka ado ne, da shi ake rataye karyayyen hannu. Yaron da ya riƙe waɗannan kaɗai, ko bai koyi kome ba bayansu, zangonsa bai tafi banza ba.

A tsarin farko da Baden-Powell ya ajiye akwai jarrabawa masu ban sha'awa. A ba yaro ashana biyu tak ya hura wuta a fili ya dafa abinci. A shimfiɗa masa ƙananan abubuwa 24 a faifai ya duba minti ɗaya, a rufe, ya faɗi 16 daga cikinsu. Ya ci mil guda cikin minti 12, yana sassarfa yana tafiya bi da bi. Almajirin da ya saba da hadda wasan faifan nan ba zai ba shi wuya ba, ɗan tireda kuma da ya saba da lura da kaya haka. Bin sawu kuwa, gaskiya ita ce ɗan Kambari ko ɗan Dakarkari da ya tashi a gindin dutse shi zai koya wa malamin. Samarin golmo da ke noma wa surukai ƙungiya-ƙungiya shekara da shekaru sun riga littafin Bature sanin juriya da aikin gayya. Abin da sikawut ya ƙara shi ne tsari, watau a jera ilmin daki-daki, a jarraba, a ba da lamba.

Ƙanana nasu wasa ne ya fi yawa. Su ma shida-shida ake raba su, babbansu ana kiransa Akela, sunan shugaban kyarketai ne a wani labari na marubucin Ingila Kipling. Ana duba farcensu da haƙoransu, su koyi ƙulli biyu ko uku, da kai saƙo ba ragi ba ƙari, da yin alheri guda kowace rana ba don lada ba. Fitarsu ta wuni ce: a kai su maƙera ko majema ko bakin rafi, su gani su tambaya, a komo da su kafin magariba.

Manyan kuwa duk abin da suka koya shiri ne na kwanan daji, wanda akan yi in ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe. Kafa sansani ilmi ne mai zaman kansa. Ba a sauka a kwari, ba a sauka ƙarƙashin busasshen itace. Ruwan sha a ɗiba daga sama, wanka da wanki a gangara ƙasa, masai a haƙa shi nesa, ta inda iska ba za ta kawo wari ba. A share ciyawa kewaye da murhu, gama tartsatsi guda a hunturu ya isa ya cinye gonar mutum da damunansa. Da dare a koyi gane gabas da taurari, su Kaza da 'ya'yanta, da asuba kuma Gamzaki, wanda ya san gabas kuwa ya kusa sanin alƙibla, don daga nan ƙasar tana gabas ne maso arewa. Ƙasar Zuru ta haɗa Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni, sansanin kirki kuwa shi ne wanda ke tsayar da aiki in lokacin ibadar kowa ya yi. A tsohon tsari ba a ba yaro babbar lamba sai ya yi tafiyar mil 14, ya kwana a hanya, ya komo ya rubuta abin da ya gani.

To, a nan ne maganar ta tsaya wa mutanen Sakaba a maƙogwaro. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'Yan Sa Kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba kanta, aka kashe fiye da mutum 60. A watan Nuwamba na 2025 aka ɗauke 'yan mata 25 daga makarantar kwana ta Maga, cikin Danko-Wasagu, tun gari bai waye ba. Wanda ya san waɗannan ba zai aika yara biyu su yi tafiyar mil 14 ba, ba kuma zai ce katangar makaranta ta isa tsaro da dare ba. Har wa yau akwai wani haɗari da ba a cika lura da shi ba: yara cikin kaki, riƙe da sanduna, suna tafe a jere a bayan gari, daga nesa wa zai bambanta su da 'yan banga?

Idan aka ce, to, ashe sai a rufe abin ke nan, sai a ce a'a, amma a faɗi gaskiyar abin da aka rasa. Daren daji ba shi da madadi. A can ne yaro ke jin kukan da bai san na mene ne ba, ya danne tsoronsa don ƙaninsa na kallonsa, wannan kuwa ba a koyonsa a filin ƙwallo. Sauran duka suna yiwuwa da rana tsaka a cikin gari. A kafa tanti da hantsi a filin makaranta, a hura wuta da ashana biyu, a dafa, a ci, a kwance tantin bayan la'asar, kowa ya kwana ɗakin uwarsa. A maimakon doguwar tafiya, ƙungiya ta zana taswirar unguwarta, ta nuna rijiyoyi da asibiti da gidan mai unguwa. Ran kasuwar Dirin Daji su taimaki tsofaffi da kaya, su haɗa yaron da ya ɓace da iyayensa. Inda kuma akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu suka fake a gari, ɗiban ruwa da share wuri da haɗa ruwan gishiri da sukari aiki ne da ya fi kowace lamba.

Uban da aka zo wa da takardar fita yana da haƙƙin ya tambayi malamin sikawut baki da baki: wane wuri ne, manya nawa za su bi, da sanin hakimi ko maigari, ƙarfe nawa za a komo, wayar wa za a kira. In amsa ta fito sarai, wurin kuma cikin gari ne, ya sa hannu. In aka yi ta kewaye-kewaye, ya riƙe ɗansa a gida ran nan, ya bar shi ya koma taron mako, ya ci gaba da koyon igiyarsa da ɗaurin karaya har zango ya ƙare.